Burodi Baƙo, Haɗi Ɗan Gida: Nazari Kan Ma'aunin Daɗin Burodi Da Haɗinsa A Ƙasar Ƙauran Namoda

A tashar motar Ƙauran Namoda, da bakin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da gefen titin da ya ratsa Zurmi, abincin da ya fi saurin isa hannun matafiyi shi ne burodin da aka tsaga aka cusa masa wani abu a ciki. Na wani wainar ƙwai ce, na wani ƙosai ne da aka tsamo yanzu daga kasko, na wani tsire da albasa, wani kuwa bota kawai aka shafa masa ya kora da ruwan bunu. Gidajen abinci na manyan birane suna rubuta irinsa a allo da sunan sanwic, su tsawwala masa kuɗi. A nan sunansa burodi da ƙwai, ko burodi da ƙosai, ko dai a ce wa mai shayi ya yi haɗi.

Masu cinsa ba sa ci bakinsu alaikum. Direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako, da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983, kowa na da hukuncinsa. Za ka ji an ce wane ya fi wane hannu, ko burodin gidan kaza iska ce zalla, ko man wance ya sha wuta. Waɗannan kalamai maki ne ake bayarwa, ko da ba a rubuta a takarda ba, kuma su ne ke cika wani tebur da jama'a su bar wani da ƙuda. Abin da nake son bincikawa shi ne me ake aunawa idan an yi wannan hukunci, wane ne ya cancanci yabo, kuma laifin wa ake ɗora wa wani. Ra'ayina tun farko shi ne abin da ke hannun mai ci gida biyu ya fito: burodin baƙo ne da kuɗinsa ke bin dala, haɗin kuwa ɗan gona ne. Wanda bai raba su ba wajen ba da maki zai zalunci mai tebur.

Alkama ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. An daɗe ana noma ta a fadamu lokacin sanyi, ana ba ta ruwa da jigo, amma kaɗan ce, ta alkaki da funkaso da taliyar hannu da gurasa, cimar gidajen sarauta da attajirai da ranakun biki. Burodin fulawa mai yis kuwa zamanin Turawa ya zo da shi, ya bi hanyoyin da suka shimfiɗa. Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, kuma a nan ya tsaya. Gyaɗa da auduga aka zo kwasa, sai dai jirgin da ke tafiya da buhunan gyaɗa yana dawowa da ma'aikata daga kudu, da kayan kanti, da sababbin ɗabi'un ci. Bayan samun mulkin kai kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, daga baya aka kafa injin niƙa a Kano, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma ya sa fulawa ta yi arha har burodi ya shiga ƙauyukan da ba su san shi ba. A 1985 masu bincike Gunilla Andrae da Björn Beckman suka fitar da littafi sukutum a kan wannan lamari, suka kira shi tarkon alkama: ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya noma isasshensa.

An yi yunƙurin fita daga tarkon, kuma ƙasar Zamfara ta ɗanɗana kuɗarsa. Madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, alkama na cikin abin da aka gina ta dominsa, kuma a 1980 an zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, a 1992 ta janye hanin. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci daga ƙetare take zuwa. Saboda haka yaƙin Rasha da Yukren a 2022, da cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023, duk sun sauka a kan teburin mai shayin garin Kasuwar Daji kamar yadda suka sauka a Legas, har ma da ƙarin kuɗin mota.

Mai gidan burodi a Ƙaura ko Shinkafi ba shi da ta cewa kan kuɗin buhun fulawa, ko sukari, ko bota, ko yis. Idan kaya suka tashi, ko ya ƙara kuɗi masu saye su gudu, ko ya rage girma a gani a yi magana, ko ya bar girman ya rage abin da ke ciki. Hanya ta ƙarshen nan ita ce mai haɗari, don ido ba ya kama ta. Akwai sinadarin buromet da ke sa kwaɓi ya kumbura fiye da ƙima ya yi fari ya yi laushi. Hukumar NAFDAC ta hana amfani da shi a zamanin shugabancin Dora Akunyili saboda alaƙarsa da cutar daji da lahani ga ƙoda, amma hukumar kanta ta sha yin gargaɗi cewa akwai masu sa shi a ɓoye. Akwai kuma sakarin da ake maye gurbin sukari da shi, wanda zaƙinsa ke zuwa da gaggawa ya bar ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe.

Ke nan gwajin farko na hannu ne, kafin baki ya sa baki. A ɗauki burodin a ji nauyinsa. A matsa shi a saki: na kirki zai dawo a hankali, wanda iska ta yi wa yawa zai lotse ya zauna a lotse, in ka murza shi ya dunƙule ya koma ɗan mitsitsi. Mutanenmu da ke cewa burodin wane ba ya riƙe ciki gaskiya suke faɗa, kuma ma'auninsu ya fi na mai kallon kyan leda. Ina ganin kuskure ne babba yadda laushi ya zama abin yabo na farko a bakin matasa. Laushin da ya wuce iyaka aibi ne ga burodin da za a cusa wa abu mai mai da zafi, domin da zarar ƙosai ko ƙwai ya shiga, tururi da mai za su jiƙa shi ya manne a dasashi. Shi ya sa gogaggen mai shayi ke ɗora burodin a kaskon da ya soya ƙwai, ya danna shi da bayan cokali, ya juya. Wannan ɗan gashi yana ƙarfafa fatar burodin ta iya ɗaukar kayanta. Mai shayin da ke yin haka ba tare da an roƙe shi ba ya cancanci maki na musamman. Burodi mai yanka-yanka kuwa, duk da tsadarsa, bai dace da wannan aiki ba. Siraransa ba sa jure mai.

Yanayi ma yana da hannu. Da hunturu burodin da aka yanka aka bari a buɗe yana bushewa kafin a gama tafasa ruwa. Da damina kuwa wanda ya kwana biyu a leda yana fara tsami da fumfuna, musamman wanda aka ɗaure da zafinsa. Garin da ba shi da gidan burodi, sai an kawo masa a bayan babur daga Ƙaura, kullum na jiya yake ci. Mai teburin garin Banga da mai teburin bakin tashar Ƙaura ba daga wuri ɗaya suka fara tsere ba.

A haɗi ne hannun mai sana'a ke bayyana. Wainar ƙwai ta fi kowanne yaɗuwa, kuma ta fi kowanne saurin tona asiri. Albasa da attaruhu da ɗan tumatir da dunƙule ake kaɗawa da ita, kowa ya sani, amma bambancin na cikin abu biyu: yawan mai da tsawon zama a wuta. Yawancin masu shayi suna malala mai don ƙwai ya yi faɗi ya cika ido, su bar shi har gefensa ya yi baƙi-baƙi. Ƙwan da ya daɗe a wuta yana tauri yana fitar da ruwansa, sai ka ji kana tauna abu mai danƙo. Wanda bai nuna ba kuma haɗari ne ga ciki. Tsakanin nan ne gwaninta take, kuma ɗan lokaci ne ƙwarai. Da damina, lokacin da zabi ke saka, ƙwan zabo yana shigowa kasuwa daga ƙauyuka, ɓawonsa mai kauri, kwanduwarsa mai yawa. Wainarsa ta fi ta kajin gidan gona ɗanɗano, ko da yake an fi dafa shi a sayar da yaji.

Burodi da ƙosai ya fi jan hankalina, kuma shi nake ba matsayi na ɗaya idan ana maganar abin da mutum ya samu a kan abin da ya biya. Dalilin ya wuce na harshe. Furotin ɗin alkama yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa, shi kuma waken yana da ƙarancin wani da hatsi ke da shi. In an haɗa su kowane ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Ɗan dakon da ya ce burodi da ƙosai na kai shi azahar bai karanta wannan a littafi ba, jikinsa ne ya gaya masa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma gonakin ƙasar Ƙaura da Zurmi suna shuka shi a tsakanin gero da dawa tun kaka da kakanni. Rabin wannan haɗi ba ya jiran jirgin ruwa.

Sai dai ƙosai suna suka tara. Na kirki ana surfa waken a cire dusar tas, a niƙa da albasa da attaruhu, sannan a buga ƙullun sosai har ya yi fari ya tashi. Bugun nan ne ke shigar da iska, ita ce ke sa ƙosai ya taso saman mai ya yi sakayau a ciki, ya yi ƙarau a waje. Wadda ta yi ganda wajen bugu ƙosanta zai nutse ya sha mai ya yi nauyi. Wadda ta cika ruwa don ƙullu ya yi auki nata zai baje. Gishiri kuma a ƙarshe ake sa shi, daf da suya, domin in ya daɗe a ƙullu yana kwantar da shi. Mai kuwa shi ne alƙalin da ba a iya saye. Man gyaɗan da mata ke matsa a gida yana da ƙamshin da man gwangwani ba shi da shi, amma kowane iri ne, in an yi ta maimaita suya da shi kwana da kwanaki yana yin duhu da kauri, yana hayaƙi da wuri, yana kumfa, ƙosan ya riƙa kartar maƙogwaro. A nan bai kamata mai ba da maki ya yi sassauci ba, don abin ya shafi lafiya. Ya kamata dai ya san cewa mai suyar ba mugunta ce ta sa ta ba. Kuɗin kwalbar mai ne ke cinye ribarta.

Awara ta shigo daga baya ta samu gurbi, musamman a wajen yara da ɗalibai, kuma in an tsoma ta a ƙwai an soya tana zama da burodi daidai. Kifin gwangwani da mayonis kuwa, waɗanda ake ɗauka alamar wayewa ne, su nake sa wa ido fiye da kowane. Kwalbar mayonis da aka buɗe aka ajiye a kan tebur cikin zafin bazara, ana tsoma mata wuƙar da aka yanka albasa da ita, a garin da wutar lantarki ba ta zama balle firji, ba abin yarda ba ce. Tsadar haɗi ba ta nuna ingancinsa.

Tsire da balangu suna kai mu ga tambayar da ta fi girma: shin burodin gidan burodi ne ma ya fi dacewa da haɗinmu? Burodinmu mai zaƙi ne, an yi shi ne don shayi. Yajin tsire kuwa na ƙuli-ƙuli ne da citta da barkono da gishiri, kuma zaƙin sukari yana faɗa da shi a baki. Kanawa sun daɗe da warware wannan da gurasa, wadda ake dangantawa da Larabawan da suka yi fatauci ta hamada suka zauna a birnin, har akwai unguwar da ake kira Cediyar 'Yan Gurasa. Ana manna ta a jikin tanderu mai zafi, ta fito da fata mai ɗan tauri da ciki mai ramuka. Ramukan nan ne ke shan man ƙuli da romon nama ba tare da ta narke ba. In an yayyafa mata ruwa, an barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, an zuba mai da albasa da tumatir da gurji, ta zama bandashe. In ana maganar daɗi zalla, gurasa da tsire ba ta da na biyu a wajena. A Maraɗi, wadda ke tsallaken iyaka daga ƙasar Zurmi, gadon Faransa ya bar dogon burodi marar zaƙi mai ɓawo, kuma shi ma ya fi namu iya ɗaukar nama da yaji, sai dai ba ya kwana.

Zamfarawa kuma suna da nasu tun kafin fulawa, wato hoce, wanda ake yi da garin dawa a gasa. Ana cin sa haka nan, ana kuma marmasa shi a yi datu da ƙuli-ƙuli da mai da albasa da yaji. Duk abin da ke cikin kwanon nan gonar yankin ce ta ba da shi, kuma yana riƙe cikin manomi fiye da kowane burodi. Abin baƙin ciki ne yadda ake kallonsa a matsayin cimar ƙauye ko ta lokacin babu. Haka masa da tsire, ko masa da ƙuli, da ake samu a kowace kasuwa. Wanda zai zagaya yana ɗanɗana haɗe-haɗen ƙasar nan ya tsallake waɗannan saboda ba su yi kama da hoton da ya gani a waya ba, ya bar mafi yawan abin da ya zo nema.

Ƙuli-ƙulin da ke ƙarƙashin duk wannan yana da nasa tarihin da nasa haɗarin. Gyaɗar da ta jawo dogo zuwa Ƙaura ta durƙushe bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka mata a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Abin da ya rage ya koma hannun mata masu matsar mai a gida. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, tana kama wata fumfuna mai dafin da ake kira afalatoksin, wanda ke lahanta hanta kuma suya ba ta kashe shi. Harshe ba ya gane shi kullum. Matar da ke zama ta tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa kafin ta soya tana yin aikin da mai ci ba zai taɓa gani ba, kuma wannan ne ya sa sanin wanda ya yi abu yake cikin ma'aunin mutanenmu. Idan aka ce ƙulin gidan wance ake saye, ba son kai ba ne kawai. Shaida ce ta shekaru.

Wannan ya kawo mu ga rabon da ake yi tsakanin na kanti da na gida. A ƙasar Hausa iyakar ba ta da kauri. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan cinikin ɓoye da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, Enid Schildkrout kuma ta bi sawun yara masu talla a Kano a shekarun 1970 ta nuna su ne ƙafafun wannan ciniki. Har yau ƙosan da mutum ya cusa a burodinsa a bakin titi, da yajin da mahauci ya barbaɗa, da man da mai shayi ya zuba, galibi daga wani tsakar gida suka fito. Sunan mai tebur ake ambata, hannun da ya yi rabin aikin yana bayan katanga.

Duk da haka akwai bambanci idan uwargida ta yi don iyalinta. Ba ta neman auki, ta san kwanan manta, ta san wanda ba ya son yaji. Dambun naman da aka yi bayan layya, a zuba shi cikin burodi a ba yaro ya tafi makaranta, babu teburin da ke sayar da irinsa. Inda mai shayi ya fi ta shi ne wuta da maimaici. Kaskonsa ba ya hucewa, hannunsa ya yi aikin nan sau ba adadi, ga hira da rediyo da abokan zama. Mutane da yawa da ke rantsuwa ƙwan mai shayi ya fi na gida daɗi, zaman teburin suke ba maki ba su sani ba.

Saboda haka mai son gwadawa da gaskiya sai ya yi hattara da kansa. Yunwa tana ƙara wa abinci maki, na farko kullum ya fi na biyar daɗi. Ƙosan asuba da na hantsi daga kasko ɗaya abu biyu ne. Yaji mai ƙarfi yana kashe harshe ga abin da zai biyo baya. Sabo da kunya kuma suna karkatar da hukunci, don ba kowa ke iya kushe teburin da yake cin bashi a kai ba. Gyaran ba shi da wuya: a gwada iri ɗaya da iri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, a koma fiye da sau ɗaya, a ware makin burodi daban da na haɗi, in da hali a sa wani ya sayo ba tare da ya faɗi na wane ne ba. A kuma duba abin da baki ba ya ji: ruwan da ake ɗauraye kofi, hannun da ke karɓar kuɗi ya koma kan burodi, takardar da ake naɗewa. Tsohuwar jarida da takardar buhun siminti ba su dace da abinci mai mai ba.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a kan arewacin Zamfara a yi shiru kan tsaro ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar, an dakatar da kasuwannin mako-mako, an taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura. Kasuwar Shinkafi, wadda dabbobinta ke ciyar da tukubar mahauta har kudu, tana cikin waɗanda abin ya shafa. Banga da ƙauyukan da ke kewaye da ita sun ga kisa da satar mutane, gonaki da yawa sun kwana ba noma. Wake da gyaɗar da na kira 'yan gida su ma yanzu sai an yi kasada da rai kafin su iso kasko. Burodi kansa ya shiga jerin kayan da jami'an tsaro ke sa wa ido a hanya, domin yana cikin abin da ake kai wa 'yan bindiga a daji, kuma ɗan babur ɗin da ke kai wa ƙauye halaliyarsa yana shan tambayoyi a shingaye. Mai shayin da a da yake kaiwa tsakar dare yanzu yana kwashe kayansa da wuri. Idan wainarsa ta ragu daga ƙwai biyu zuwa ɗaya, ko mai ƙosai ta ƙanƙanta cokalinta, mai ba da maki ya fara tambayar nawa aka sayo tiyar wake a wannan makon, kuma ta wace hanya ta biyo.